Murfin Tankin Ruwa

A wani shagon aski a unguwar Madain Fahd, can ƙasa mai tsarki, mai aski ya sa tsohon kaset na wasan barkwancin da aka yi kashi ɗaya tal a Kano, gidan talabijin ya ƙi saye. Labarin wani ne da ya zo Umara ya maƙale ba iƙama, wato takardar izinin zama. Kassimu na jiran layi, sai kaɗa ƙafa yake, ido ɗaya a talabijin, ɗaya a titi. Wani dattijo da bai sani ba yana gefensa yana ta ƙyaƙyata dariya.

"Dubi yadda ya faɗa tankin ruwa don ya hango askarawa! Wallahi waɗanda suka ƙi sayen wasan nan sun tafka asara."

"Gara da suka ƙi, Baba. Ina abin dariya a nan?"

"Kai dai ba ka da raha. Dubi tumbinsa!"

"Ƙarya ce tsagwaronta. Wai ya ja murfi ya rufe, da suka wuce ya ɗaga ya fito yana waƙa. Murfin nan in ya rufu ba ya buɗuwa ta ciki! Ga zafi, ga duhu, ruwa har haɓa, kana ta bugu ba mai jin ka..."

Almakashin mai aski ya tsaya.

Dattijon ya bar dariya. Ya leƙa titi, sannan ya matso, ya rage murya.

"Takalmi ake sawa a tokare shi, ɗana. Ba wanda ya gaya maka?"