Bindigar da Ta Ƙi Tashi a Fadama

A mashigar jirgin ruwa ta bakin kogin Brahmaputra, Dimbeswar, tsohon mai gadin daji, yana shan shayi da bindigarsa a kan cinya. Wani baƙo mai sabon takalmi ya zauna kusa da shi.

"Baba, wannan ai ta girme ka. Ragowar soja ce ko?"

"Ita ce. Sun gama da ita, aka sake mata baki, aka ba mu."

"Harsashi ɗaya tak take ci. Masu farautar karkanda kuwa, tasu zuba take kamar ruwan sama. Ka koma gida ka yi wasa da jikoki mana."

"Jikokina suna da mai tsaronsu. Karkandar da nake gadi, ita da ɗanta, ni kaɗai gare su."

Baƙon ya yi dariya. "Da me za ka tsare su? Da abin da ya ƙi tashi a fadama ranar Talata?"

Dimbeswar ya ajiye kofin. Bai faɗa wa kowa bindigar ta ƙi tashi ba, ko shugabansa, don kada a karɓe ta a bar shi da sanda.

"Samari, mutum biyu ne suka san ta ƙi tashi. Ni, da mafaraucin da na auna cikin ciyawa."

Baƙon ya dubi kogi. "A kasuwa na ji."

"To ka koma kasuwar ka gaya musu harsashin ne ya jiƙe, ba ita ba. Na shanya sauran." Ya miƙe, ya gyara riƙon bindigar. "Ga jirgi ya iso. Wuce gaba, ina bayanka."