Tsagar da Ta Ci Littafi Huɗu

Assalamu alaikum. Shugaban taro Alhaji Gajere, limamanmu, Magajiya da iyayenmu mata, 'yan kwamitin gyaran gidaje, jama'ar Maamobi da baƙinmu na Nima, ina gaishe ku baki ɗaya. Ni ce Mulikatu, matar Ishawu direban trotro, motar hayar nan. Na gode da kuka ba 'yar haya damar magana. Wannan ne taro na biyar da na zo tun da ƙasa ta girgiza, kuma na gaji da komawa gida da alkawari.

Na farko, jerin gidajen da aka karanta yanzu. An sa na bakin titi a gaba, namu na bayan kwata a ƙarshe, wai namu na bulo ne. Iyayena, ba bulo ba ne, laka ce aka shafe da siminti. Mai dubawa ya tsaya a ƙofa, ya ga shafe, ya rubuta, ya tafi. Ko ƙwanƙwasawa bai yi ba.

Akwai tsaga a bangon da ya raba ɗakina da na Mma Memuna mai koko. Ran girgizar na soka ɗan littafin labari ɗaya a ciki, ya zauna daram. Yau huɗu ne, kuma da sauran wuri. Mma Memuna ta ce mini, "Mulikatu, yi ta karatu, littattafanki ne ke riƙe da mu." Mun yi dariya. Amma ta haura saba'in, ƙafarta ba ta gudu, gadonta kuwa yana jikin bangon nan.

Na biyu, ɗakunanmu ba taga. Da rana tsaka muke kunna fitila, kananzir na ƙonewa, kwanon rufi na dafa mu. In za a tayar da bango, a bar wa haske da iska hanya.

Na uku, ku fara da bangon da ya fi kusa da faɗuwa, ba wanda ya fi kusa da idon baƙi ba. Mai gida da mai haya, rufi ɗaya ke kanmu.

A labaran da nake karantawa, mai ceto kan iso a shafin ƙarshe. Na daina jiransa. Ku nake jira, Alhaji, gobe da hantsi, ku zo ku ƙwanƙwasa da hannunku.

Allah ya kwantar da ƙasa, ya tsare tsofaffinmu, ya mai da kowa gida lafiya. Ga littafi na biyar a hannuna. Allah ya sa kada ya shiga. Na gode.