Jirgi Ba Ya Juyawa a Neiden

A ɗakin jira na filin jirgin saman Vadsø, a arewacin Norway, wani dattijo riƙe da furanni ya zauna kusa da wata mata mai saƙar safa.

"Baiwar Allah, wai minti nawa ne zuwa Kirkenes?"

"Sha biyar, in ya daɗe ashirin. Ruwan nan kawai za mu tsallake, ko kilomita arba'in bai cika ba. Kafin kofinka ya huce mun sauka."

"Kai, ya yi kaɗan!"

"Yau na ji sabon abu. Kowa kukan nisa yake, kai kana kukan kusa?"

"A mota kilomita ɗari da saba'in ne, awa biyu da rabi. Mutum ya samu sararin shirya magana."

"Wace magana ce haka?"

"Wata mata ce a Kirkenes, Gunvor. Shekara shida da rasuwar mijinta, ni bakwai da rasa matata. Aurenta nake so."

"To me ya hana ka hawa motarka?"

"Sau uku ina hawa. Da na kai garin Neiden a kan hanya sai gabana ya faɗi, in juyo gida da furannina."

Matar ta ajiye saƙar tana dariya.

"Ita ta san kana tafe?"

"Ita ta sayi tikitin."

"Haba dattijo! To wace magana kuma ta rage?"

Aka kira fasinjoji. Ya miƙe yana murmushi, ya gyara wuyan rigarsa.

"Ai haka ta ce. Wai wannan karon a ba wani tuƙin."