Rigar Wayar Taubashina

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan an tashi lahiya. Ni ne Bello manomin albasa daga Taloka.

Ni da taubashina Umaru rana guda munka sayi waya iri guda a kasuwar Goronyo. Shi ya sa mata baƙar rigar roba mai kauri kamar tayar amalanke, har na yi mai dariya. Ni kuwa na zaɓi siririya mai ƙyalli.

Malam, wayatai ta faɗo daga amalanke, sa ya taka ta, ko ƙwarzane babu. Tawa daga aljihun gaba ta zame ina duƙe ina tada injin ban ruwa, gilashin ya tarwatse.

Dole na ari tashi na kira dillalina. Umaru ya miƙo yana cewa, "Wanke hannu tukuna, mai ƙyalli." Yanzu dillalin lambar Umaru yake kira, albasatai ya ɗauka, tawa na jibge a rumfa.

Masu sauraro, mi ya fi rigar Umaru ƙarfi? Ba irinta nake so ba, wadda ta fi ta.

Ina gaida mutanen Taloka duka, ban da Umaru.