Igiyar Jakin Yakubu

Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Ni ne Bitrus, manomi daga wani ƙauye kusa da Malumfashi.

Ran Lahadi bayan sujada a coci muka taru wajen rediyon malamin makarantarmu, don mu ji wasan kwaikwayonku a kan mutumin nan da ya riƙa kashe masu kai auduga kasuwar Funtua. Malamin ya ce har jarida ta yaba wasan. Ni ban yaba ba, domin yayana Yakubu ne na ƙarshe da aka kashe, kuma wanda aka kama ya mutu a kurkuku yana rantsuwa ba shi ba ne.

Da wasan ya kai inda makashin ya zaro wuƙa, sai wani dattijo maƙwabcinmu ya ja tsaki ya ce a hankali, "Ƙarya suke yi. Na ƙarshen ma da igiyar jakinsa ne."

Ya ɗago kai, muka haɗa ido. Ni da mahaifina kaɗai muka ɗauko gawar Yakubu daga cikin dawa, muka kwance igiyar daga wuyansa, ko innarmu ba mu faɗa wa ba.

Jiya dattijon ya zo har gida ya kira ni aikin gayya ran Asabar, a gonarsa ta bayan dutse. Na zagaya maƙwabta na tambaya. Ni kaɗai ya gayyata.

Masu sauraro, ku ba ni shawara kafin Asabar.