Gadon Ƙasan Inna

Sagir: Salamu alaikum. Yaya Harira, ina wuni?

Harira: Wa alaikumus salam, Auta. Lafiya lau. Ya Unguwar Shanu? Ya sanyi?

Sagir: Sanyi lokacinsa ne. Ya mutanen Katabu? Ya Malam?

Harira: Lafiya ƙalau, yana kasuwa. Ya Zulaiha da yara?

Sagir: Suna gaishe ki.

Harira: Ina amsawa. Ya ƙafar Baba?

Sagir: To, da sauƙi.

Harira: Wannan sauƙin naka bai kwanta mini ba. Kai da ba ka kira sai da Sallah, yau ga ka ranar Talata da la'asar. Faɗa mini.

Sagir: Sanyin nan ne, Yaya. Kin san ɗakin da na gina masa, bulo ne da kwano. Da asuba kamar cikin randa. Shi ne na sayo masa hita.

Harira: Ka sayo me? Sabis ɗin yana yankewa.

Sagir: Hita, ta ɗumama ɗaki. Kina ji na?

Harira: Yanzu ina ji.

Sagir: To katin mitar da ke kai mu sati biyu, kwana huɗu ya ƙare. Ni ban ce komai ba, ashe Baba ya ji Zulaiha tana faɗa. Tun daga ranar, da na kunna na juya baya sai ya kashe. Wai ba zai ƙona abincin jikokinsa don ƙafarsa ta ji daɗi ba.

Harira: Baba ke nan. Mutumin da ke kashe fitila ya ci tuwo da hasken wata.

Sagir: Na koma kasko, ga gawayi ya yi tsada, ga shi yana tayar masa da tari. Jiya da asuba ƙafar ta ƙi miƙewa, a zaune ya yi sallah. Shi ne ya ce a buɗe masa ɗakin Inna, zai koma kan gadon ƙasa.

Harira: Allah sarki. Ai gaskiya ya faɗa, tun farko abin da ya kamata ke nan. Kai ba ka san daɗin gadon nan ba, kana ƙarami. Da Inna ta sauke tuwon dare sai ta kwashi garwashin da tsohon murfin langa, ta zuba a ramin da ke ƙarƙashi, ta yayyafa toka a kai. Ko kwabo ba a kashewa, wutar da ta dafa tuwo ita ke kwana da mu.

Sagir: Yaya, ai...

Harira: Kafin isha'i gado ya ɗauki ɗumi. Mu huɗu muke jeruwa, ni da Usman da marigayiya Jummai, kai a tsakiya kana yi mana fitsari. Usman ya riƙa tura dankali cikin ramin a ɓoye, ƙamshi ya tona masa asiri. Inna ta yi faɗa, ta kuma cinye rabi. Wallahi har yanzu in na ji ƙamshin toka mai ɗumi sai kewarta ta kama ni.

Sagir: Yaya, ki tsaya in...

Harira: Ka saurara dai. Kada ka zuba baƙin gawayi, sai wanda ya gama ci ya yi ja. Kuma kada ka rufe ƙofa ruf, ka bar ta a ɗan buɗe. Ku da gas kuke girki, sai ka je wajen Laraba mai waina ta ɗebar maka. Ba za ta hana ba, shekara nawa tana ɗibar wuta a gidanmu.

Sagir: Yaya, gadon babu shi.

Harira: Sabis ne ko me ka ce?

Sagir: Ba sabis ba ne. Na fasa shi. Shekara biyu ke nan.

Harira: Ka fasa.

Sagir: Kayan shago sun yi mini yawa, ba ni da sito. Na ga tun rasuwar Inna Baba bai ƙara taka ɗakin ba, makullin kuma yana hannuna. Na kwashe ƙasar, na sa aka yi siminti.

Harira: Don katan-katan na taliya da sabulu. Ba ka tambayi kowa ba, Sagir? Ni na mutu ne?

Sagir: Na ɗauka tarin ƙasa ne kawai. Tun jiya nake ce masa makullin ya ɓace, kunya ta ishe ni. Abin da ya sa na kira, ki tuna mini maginin da ya yi shi. In yana raye in ɗauko shi ya maida shi a ɓoye. Na zaga har Rafin Guza, magina suna mini dariya, wai su bulo suka sani.

Harira: Ko yau aka gina, sai ya yi sati biyu bai bushe ba. Sati biyu za ka yi kana yi wa tsoho ƙarya? Kuma wane magini? Baba ne ya gina shi.

Sagir: Baba? Baba da direba ne?

Harira: Shekarar da aka haife ni, cikin sanyi irin wannan, Inna na jego, ba shi da kuɗin itace. A buhu ya riƙa ɗauko ƙasa daga bakin rafi a kan keke. Sau biyu yana tsagewa yana sakewa, Inna na yi masa dariya, wai direba ya zama magini. A na uku ya zauna. Da ya gama ya danna tafin hannunsa ta gefen bango.

Sagir: Na ga shatin hannun. Na zaci wasan yara ne.

Harira: Raina ya ɓaci, Auta, ba zan ɓoye maka ba. Kuka ma nake ji.

Sagir: Ki yafe ni. Yaya, ko ke za ki faɗa masa? Yana jin maganarki.

Harira: A'a. Kai ka ɗauki guduma, kai za ka faɗa. Duk garin nan shi kaɗai ya san yadda aka yi gadon nan. Ba zai iya sunkuyawa ba, amma zai iya zama a kujera ya nuna maka, kai ka kwaɓa ƙasar. Kafin ya bushe ka kunna masa hitar, ka ce ni na ce, ni zan sa katin.

Sagir: In ya ƙi yi mini magana fa?

Harira: Sai ka yi haƙuri, ka jawo wa kanka. Amma ƙafarsa ba za ta jira kunyarka ba.

Sagir: Yaya, ga shi nan ya fito da sandarsa. Ƙofar ɗakin ya nufa.

Harira: Makullin yana ina?

Sagir: Yana aljihuna.

Harira: To ajiye wayar ka je ka buɗe masa da hannunka.

Sagir: Me zan fara cewa? Yaya? Halo, Yaya Harira? ... Na'am, Baba. Ga ni nan zuwa.