Boka da Matarsa a Layin Likita

A ɗakin jiran wani asibiti a unguwar Jarwal da ke ƙasa mai tsarki, wata budurwa tana karatu tana ƙyalƙyala dariya. Matar da ke gefenta ta harare ta.

"'Yammata, me ke ba ki dariya haka?"

"Littafin jami'a ne, Khala. Boka ake ta yabo, alhali matarsa mayya ce ke haɗa masa komai."

"A'uzubillahi! Har shahadar digiri za a ba ki a kan mayu?"

"Raha ce kawai, wallahi."

"Ku kun ji daɗi. Na fi yayana ƙwaƙwalwa, amma shi aka kai Madina karatu, ni aka bar ni da wanke-wanke."

Can sai matar ta matso.

"To, asirin bokan ya tonu?"

"Ban kai ƙarshe ba."

"Yi sauri mana, kafin likita ya kira ni."